Kawu Kafireta da Tarbiyyar Yis

Ƙanen mahaifiyata ne, amma ko ita da ta goya shi, in ta tashi kiransa Kafireta take cewa. A gareji sunan ya kama shi, inda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana gyaran abu ɗaya tak a jikin mota, wato kafireta, ɗan tulun ƙarfen nan da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Birki ba nasa ba ne, waya ba tasa ba ce. In ka kawo masa mota, sai ya ce ka tayar, shi kuma ya zagaya baya ya tsuguna a bakin salansa ya shaƙi hayaƙin kamar mai sayen turare. Daga nan zai miƙe ya ce, "Tana sha ba ta ƙonawa." Wannan ita ce babbar tuhuma a wurinsa, kuma ba a kan mota kaɗai ta tsaya ba. Ya taɓa faɗin haka a kan mijin babbar 'yarsa, a gaban mutumin, ana tsakar cin abinci.

Kawu ba marowaci ba ne. Zai iya cire rigar jikinsa ya ba ka. Abin da ba ya iya gani ya yi shiru shi ne ƙarfi yana tafiya a banza: fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, tukunya tana tafasa ba murfi, ƙato yana gudu zuwa inda ba a jiransa.

Sai zamani ya juya masa baya. Motoci suka fara zuwa ba kafireta, sai injekta da kwamfuta. Kawu ya buɗe bonet ɗin ɗaya daga cikinsu, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya rufe a hankali kamar wanda ya shiga gidan da ba nasa ba. Aiki ya yi ta ja da baya, ga ciwon baya na tsugunon shekaru, har likita ya ce ya haƙura ya zauna a gida.

A gidan kuwa akwai Inna, matarsa, wadda ke gasa burodi a tanderun da ke bayan ɗakin girki tun yaransu suna ƙanana. Mace ce mai aiki da hannu biyu da baki ɗaya, kuma duka ukun ba sa hutawa. Zaman Kawu a gida ya zame mata jarrabawa. Ya kwance injin markaɗenta don yana jin wata ƙara a ciki, ya mayar, ƙarar ta tafi, injin ma ya tafi. Ya gyara famfon tsakar gida har ya koma feshi ta gefe. Ranar da ta gan shi yana zagaya firij da sukundireba, sai ta jawo kujera ta ajiye gaban babbar robar kwaɓi.

"Malam, ga aiki na ba ka. Zauna nan ka sa wa kwaɓin nan ido. In ya kawo bakin roba ka kira ni. Kada ka taɓa, ido kawai."

Ta ɗauka ta yi maganinsa. Ashe allura ce za ta tono garma.

Kawu ya zauna yana kallon kwaɓi yana tashi a hankali, ba wuta, ba batir, ba mai hura shi. Da Inna ta dawo ya ce, "Wai me ke tura shi?"

"Yis mana."

"Na san yis. Me ke tura yis ɗin?"

"Ikon Allah. Matsa in wuce."

A lokacin Auta, ƙaramar 'yarsu, tana karatun kimiyyar abinci, ta zo hutu. Ita ce ta ce masa ai garin yis ɗin nan da yake gani a leda mai rai ne, barci kawai yake yi. Kawu ya yi dariya har sai da bayansa ya amsa. Auta ba ta yi musu ba. Ta aro ɗan madubin nan mai ƙara girman abu a wurin wata ƙawarta, ta jiƙa yis a ruwan ɗumi da sukari, ta ɗiga a kan gilashi ta ce, "Baba, bismilla."

Ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. 'Yan ƙwayoyi ne birjik, masu siffar ƙwai, wasu da ɗan ƙullutu a gefe.

"Waɗannan masu ƙari a jiki fa? Ba su da lafiya?"

"'Ya'yansu ne. Ƙullutun zai yi ta girma har ya ɓalle ya zama wani."

"Ba naƙuda, ba ungozoma?"

"Babu."

"To da wane ƙarfin?"

Nan Auta ta zauna ta yi masa bayani. Ta ce sukari ne abincinsu, daga shi suke samun ƙarfi, kuma hanya biyu gare su. In da iska, suna iya ƙona sukarin ƙurmus, su tatse duk ƙarfin da ke cikinsa, abin da zai rage ruwa ne da wata iska da suke fitarwa. In kuwa ba iska, kamar a tsakiyar kwaɓi, sai su fasa sukarin rabi da rabi, su yagi ɗan ƙarfin da ya samu, su zubar da sauran. Ƙarfin da ake samu ta hanyar farko ya ninka na ta biyu sau goma har da ɗoriya.

Kawu ya dafe kujera. "Sauran da suke zubarwa, me yake zama?"

"Iskar da ke kumbura kwaɓi, da kuma barasa."

Inna tana yanka kwaɓi ta saki wuƙa. "Da kuma me?"

"'Yar kaɗan ce, Inna, kuma zafin tanderu yana kore ta. Duk burodin duniya haka yake."

"To duk duniya ta ji, ban da layin nan. Kika bari masu sayen burodina suka ji kalmar nan, ni da ke ne."

Kawu bai ma ji su ba. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne: shekara da shekaru, a cikin gidansa, ƙarƙashin hancinsa, akwai injin da ke aiki a shaƙe, yana sha ba ya ƙonawa, shi kuma yana can yana gyara na mutane.

Washegari da hantsi Inna ta fita sayen man gyaɗa. Ta dawo ta tarar da shi ya soka tiyon famfon keke a tsakiyar kwaɓinta yana bugawa. Kafin ta buɗe baki, wani ƙaton kumburi ya taso a gefe ya fashe, fulawar da aka barbaɗa a kai ta bule masa fuska. Ya tsaya fari fat, gira da gemu, famfo a hannu.

"Iska nake ba su," in ji shi.

"Ni ma yanzu zan ba ka iska. Fita."

Aka kore shi daga ɗakin girki, ya koma rumfar da yake ajiye tsofaffin kayan aikinsa. Ya wanke wata babbar kwalba tas, ya zuba ruwa da yis. Auta kafin ta koma makaranta ta bar masa wani gari mai gina jikin ƙwayoyin da ta ce ya riƙa saka kaɗan, domin sukari mai ne kawai, kuma ba a ƙera mota da fetur, sai da ƙarfe. Wannan magana ta shige shi, ya yi ta maimaita ta kamar shi ya ƙirƙiro. Ya samo ɗan famfon iskan da masu kiwon kifi ke sawa a ruwa, ya jona. Sannan ya antaya sukari, ya ƙara, ya sake ƙarawa, don a cewarsa ba za a ce an zo gidansa an yi yunwa ba.

Ga mai, ga iska. Kwalba ta yi ta ɓulɓula, kumfa ta hau. Kawu ya tsuguna ya shaƙa, sai ya ji wani wari mai tsami-tsami, mai hawa kai. Ya ƙara iska. Warin ya ƙaru. Ya kira Auta a waya.

"Ke, ƙwayoyin nan naki ba sa jin magana. Na ba su iska har ta yi musu yawa, amma suna nan suna zubar da abin nan da innarki ta hana a faɗa."

"Sukari nawa ka sa?"

"Na wadata su."

Auta ta yi dariya har sai da ya janye wayar daga kunne. Ta ce ai halin yis ɗin burodi ke nan. In ya ga sukari ya yi yawa, ko da iska ba ya tsayawa ƙonawa da kyau. Gajeriyar hanyar yake bi, saboda ta fi sauri, kuma kayan aikinta ba su da wuyar haɗawa. Hanyar ƙonawa sosai tana buƙatar manyan kayan aiki a cikin ƙwayar, kuma haɗa su ma cin ƙarfi ne. To tunda abinci ga shi nan a zube, sai ya yi ta wawura yana yaga yana yarwa, ya hayayyafa da wuri kafin wani ya zo ya cinye.

"Wato da gangan yake yi."

"Kusan haka."

"Wannan ba ciwo ba ne," in ji Kawu. "Rashin tarbiyya ne."

Warin kuwa bai tsaya a rumfa ba, ya tsallaka katanga. Maƙwabcinsu Tela, abokinsa tun na ƙuruciya, ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya je ya samo Direba, wanda Kawu ya yi wa gyaran mota shekaru da yawa. Da la'asar suka yi sallama, suka zauna a kan benci, suka gaisa gaisuwa mai tsawo irin ta masu ɗauke da magana. Tela ya yi gyaran murya.

"Kafireta, mu ba baƙinka ba ne. Zaman gida ba daɗi, mun sani. Mutum in ya rasa sana'a zuciya takan raya masa abubuwa. Amma a shekarunmu, harkar giya..."

"Giya?" Kawu ya ɗaga murya. "Ni tunda nake ban taɓa kwance giyar mota ba. Direba, faɗa masa. In giyarka ce ta lalace ka kai wa masu ita."

Direba ya sunkuyar da kai. "Ba ta mota ba."

Sai da maganar ta sauka, Kawu ya miƙe ba tare da ya tuna da bayansa ba, ya ja su har rumfa, ya tsayar da su gaban kwalba, ya yi musu bayanin awa guda da baki da hannu da sifana. Tela ya shigo da niyyar ceto rai, ya fita da sanin cewa akwai halittar da ke haihuwa ta gefen ciki. Tun daga ranar kullum sai sun leƙo, wai sun zo duba jikinsa.

Kawu ya yanke hukunci: horon yunwa. Ya daina bai wa ƙwayoyin sukari, ya bar musu iska kawai. Kumfa ta kwanta, kwalba ta yi tsit. Tela ya ce sun mutu, a zubar. Kawu ya ce a bari. Da aka kwana biyu sai ya lura warin yana raguwa, ruwan kuma ya ƙara kauri. Ya sake kiran Auta.

Ta ce ba mutuwa suka yi ba. Da sukari ya ƙare, tsayawa suka yi suka haɗa waɗancan manyan kayan aikin da suka ƙi haɗawa da farko, yanzu kuma barasar da suka zubar ita suka dawo suna ƙonawa da iska, suna girma a hankali. In suka ga ita ma za ta ƙare, sai su tara ɗan guzuri a cikinsu, su rage motsi, su jira.

Kawu ya ajiye waya ya dubi abokansa. "Abin da suka zubar da ƙafa, shi suke tsinta da hannu."

"Kamar surukinka," in ji Tela.

"Ban ambaci sunan kowa ba."

Daga nan dabara ta faɗo masa. In yawan mai ne ke lalata su, to a daidaita mai da iska, aikin da ya yi duk rayuwarsa. Ya sayo robar ƙarin ruwa irin ta asibiti a kantin magani, ya cika ta da ruwan sukari, ya rataye a ƙusa, ya murɗa ɗan maƙogwaronta har ta koma ɗiga ɗaya-ɗaya. Kullum yana tsugune yana shaƙa. In ya ji tsami ya rage ɗiga, in ya ga sun yi sanyi ya ƙara. Inna ta leƙo ta ga kwalba da ƙarin ruwa a rataye, da dattawa uku zaune sun yi jugum, ta ce, "Allah ya ba shi lafiya. In an sallame ku, abinci na nan."

Abin ya yi. Wari ya ɗauke, ƙasan kwalba ya cika da wani farin laka mai kauri, mai ƙamshin burodi. Daga sukarin da a da yake ba shi ɗan kaɗan, yanzu yis yake samu mai yawa.

Tambaya ɗaya ta rage masa: duk wannan ƙarfin da suke tatsa, ina suke kai shi? Ba tafiya suke ba, ba dako suke ba. Auta ta ce mafi yawansa a gina jiki yake tafiya, domin kafin ƙwaya ta fitar da 'ya sai ta ƙera komai na cikinta sau biyu, kuma ƙera sinadaran gina jiki shi ya fi komai cin ƙarfi. Sauran kuma na tsare gida ne: jawo abinci ciki, tura abin da ba a so waje, gyara abin da ya lalace. Ko ba ta girma, sai ta kashe wannan.

"Silo ke nan," in ji Kawu. "Mota tana tsaye, inji yana aiki." Sannan ya ce, "Ashe ni ma tun da na bar gareji a silo nake."

"Silo mai cin kwano biyu," in ji Inna daga ɗakin girki.

Da yis ya taru, sai Kawu ya fara bin Inna da roƙo ta gwada nasa. Ta ƙi, ya nace, ya turo Tela, ya turo mahaifiyata. Ranar da Inna ta gaji ta ce ya kawo, amma a roba ɗaya kawai. Ita ta saba da busasshen gari na leda da ma'auninsa, wannan kuwa jiƙaƙƙe ne, ba wanda ya san kimarsa. Kawu ya zuba, ya ga kamar ya yi kaɗan, ya ƙara. Aka rufe da faranti aka koma tsakar gida.

Ba a jima ba aka ji faranti ya faɗi ƙasa yana kaɗawa. Ina gidan a ranar, da idona na gani. Kwaɓin ya ture murfi, ya haura bakin roba, ya sauko ta ƙafar tebur, ya doshi ƙofa a hankali kamar baƙon da ya gaji da zama. Inna ta yi salati ta tare shi da tire. Kawu kuwa ya tsuguna, ya tsaga kwaɓin da yatsa, ya kai hanci. Sai na ga fuskarsa ta faɗi.

"Sun koma," in ji shi. "Duk wahalar da na sha a kansu. Suna ganin fulawa suka koma halinsu."

"Malam, a cikin kwaɓi ina suka ga iska?" in ji Inna tana kwasa. "Kuma in ba su yi wannan ɓarnar da kake faɗa ba, da me burodin zai tashi? Ɓarnar nan ita ta ciyar da kai, ita ta kai Auta makaranta. Riƙe min tiren nan."

Ya riƙe tire.

Burodin ya fito manya-manya, cikinsa duk ramuka, ga ɗan tsami, domin a cewar Auta wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba sun shiga kwalbar. Wata mata ta dawo da nata ta ce ta shafa bota ta zube ta ƙasa. Mai shayin bakin titi ya ce a ƙara masa, ya fi shan ruwan shayi. Tela ya ci guda ya ce bai taɓa cin irinsa ba, aka rasa yabo ne ko ƙorafi. Inna ta koma yis ɗinta na leda, amma takan yi roba ɗaya da na Kawu a ƙarshen mako saboda mai shayi da wasu mutum biyu-uku da suka saba, ita ce kuma ke aunawa.

Bayan Auta ta gama karatu ta samu aiki a wata masana'antar yin yis, ta nemi izini ta kai shi ya gani. Aka sa masa farar riga da hular raga da takalman roba. Suka shiga wani zaure mai tankunan ƙarfe da suka fi gidansa tsawo. Auta ta nuna masa manyan injinan da ke hura iska ta ƙasa, da bututun da ke sakin ruwan sukari kaɗan-kaɗan, da na'urar da ke shinshinar iskar da ke fita, in ta ji alamar barasa ta rage abinci da kanta. Kawu ya bi komai da kallo, hannu a baya. A mota, da suka yi nisa, ya dubi Auta.

"Ashe an riga ni."

"Tun kafin a haife ka, Baba."

"Kuma kin sani kika bar ni ina ta fama da robar asibiti?"

"Inna ce ta ce kada in faɗa maka. Ta ce tunda ka samu kwalbar nan firij ɗinta ya huta."

Da suka iso gida Inna ta tambaye shi yadda ya ga wurin. Ya cire takalmi, ya zauna, ya ce, "Ba laifi. Yaran suna ƙoƙari." Hular ragar kuwa bai mayar ba. Ita yake sawa in zai shiga rumfa, kuma ya hana Tela shiga sai ya wanke hannu har gwiwa.

Da na je gaishe su kwanan baya, na tarar da shi a ɗakin girki ya buɗe wani kwanon madara da ta kwana ta yi kauri, yana kallonta ta gefen ido, yana tambayar Inna ko ta san me ya kama ta haka. Inna ta karɓe kwanon daga hannunsa, ta sa a kabad, ta murɗa makulli, ta ɗaure shi a bakin zaninta.

"Ban sani ba," in ji ta, "kuma Auta ba ta da waya."